Tambaya da Amsa: Na Sa wa Wasa Mod, Ya Daina Tashi

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru a kan batu guda, wato ƙare-ƙare da gyare-gyaren da masu sha'awa suke yi wa wasannin kwamfuta, waɗanda 'yan wasa suke kira mod, tare da manhajojin da ake girka su da su. Amsoshin sun shafi wasannin da mutum yake bugawa shi kaɗai a kwamfutarsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga Skyrim Special Edition wanda na saya a Steam, kantin sayar da wasanni na intanet, na girka masa SKSE da SkyUI da wasu mod kaɗan, kuma komai yana tafiya lafiya. Da na haɗa kwamfutar da intanet, Steam ya sabunta wasan, tun daga lokacin in na danna SKSE sai saƙo ya fito cewa wasan ya fi shi sabunta. In kuma na buɗe wasan daga Steam, yana tashi amma SkyUI yana kukan cewa bai ga SKSE ba. Shin sai na goge komai na sake daga farko? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge komai, domin babu abin da ya lalace a kwamfutarka. Abin da ya same ka ya samu kusan duk wanda ya daɗe yana sa wa wannan wasa mod, kuma in ka gane dalilinsa sau ɗaya, ba za ka sake firgita ba.

SKSE ba mod ba ne irin sauran. Manhaja ce da take shiga cikin wasan yayin da yake gudana, ta ƙara wa harshen umarninsa abubuwan da kamfanin Bethesda bai sa ba, sannan mod irin su SkyUI, mai sauya fasalin allon kaya da saitin wasan, su jingina da ita. Domin ta yi wannan aiki, dole ta san daidai wurin da kowane sashe na wasan yake zaune a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka ɗauke ta kamar ɗan aiken da ya haddace gidajen layi ta hanyar ƙirga ƙofofi daga bakin titi: ranar da aka gina sabon gida a tsakiya, duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa ba ta mai saƙon ba ce. Kowace sabuntawa tana canza fayil ɗin SkyrimSE.exe, wurare su gusa, shi ya sa masu SKSE suka tsara ta yadda za ta ƙi tashi gaba ɗaya maimakon ta yi aiki a wurin da ba nata ba. Saƙon da ka gani kariya ce aka yi maka.

Mafi girman irin wannan girgiza ta faru ne ranar 11 ga Nuwamba 2021, lokacin da aka fitar da Anniversary Edition domin cikar wasan shekara goma. A lokacin lambar sigar wasan ta tashi daga 1.5.97 zuwa jerin 1.6, kuma sabuntawar ta shafi har waɗanda ba su sayi ƙarin kayan ba. Wannan ne yake rikita mutane har yau, domin mutum zai ce shi Special Edition yake da shi, ya sauke fayil ɗin da aka rubuta wa SE, alhali lambar wasansa 1.6 ce, wanda a wurin masu mod sunansa AE. Sunan da ke jikin wasan ba shi ne abin dubawa ba, lamba ita ce.

Saboda haka ka shiga foldar wasan, ka danna SkyrimSE.exe da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties sannan Details, ka rubuta lambar da ka gani a takarda. Daga nan ka je shafin masu SKSE na asali, skse.silverlock.org, ka sauke wanda aka yi wa wannan lamba daidai. Alal misali, SKSE 2.0.20 na wasa mai lamba 1.5.97 ne, shi kuwa 2.2.6 na mai lamba 1.6.1170 ne, kuma wanda ya sayi wasan a GOG, wani kantin wasanni irin Steam, yana da nasa daban. Ka warware ƙunshin da ka sauke da manhajar 7-Zip, ka kwafe skse64_loader.exe da fayil ɗin dll mai ɗauke da lambar wasan zuwa inda SkyrimSE.exe yake, sannan foldar Scripts tare da abin da ke cikinta ta shiga foldar Data ta wasan. Mutane da yawa suna manta wannan mataki na ƙarshe, sai su bar tsofaffin fayilolin umarni tare da sabon SKSE. In ka gama, ka tashi wasan ta skse64_loader.exe, ka buɗe akwatin umarni da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta getskseversion. In ya ba ka lamba, SKSE yana aiki. Kukan da SkyUI yake yi kuwa dalilinsa shi ne ka buɗe wasan daga Steam kai tsaye, hanyar da ba ta bi ta kan SKSE.

Aikin bai ƙare a nan ba, domin duk mod ɗin da yake ɗauke da fayil ɗin dll shi ma yana iya kasancewa ɗaure da lambar wasan. Yawancinsu sun dogara da wani mod mai suna Address Library, wanda aikinsa shi ne riƙe musu jadawalin wuraren nan da suke gusawa, don haka shi za ka fara sabuntawa. Sannan ka buɗe skse64.log da ke cikin Documents, ƙarƙashin My Games, a foldar SKSE ta wasan. Wannan fayil yana lissafa kowane dll da aka yi ƙoƙarin lodawa, ya kuma faɗi wanda ya ƙi.

Domin gaba, ka shiga saitin wasan a Steam ka zaɓi cewa kada a sabunta shi sai lokacin da ka tashe shi, sannan ka riƙa tashinsa ta SKSE kawai, tare da barin Steam a buɗe a gefe. Ina kuma ba ka shawara ka kwafi foldar wasan gaba ɗaya zuwa wani faifan ajiya a ranar da komai yake aiki. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan kwafi ya fi sake sauke gigabait goma sha wani abu sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sauke mod kusan sittin na Skyrim a mako guda, na zuba su duka da hannu a cikin foldar Data. Yanzu wasan yana rufe kansa da zarar tambarin farko ya bayyana. Abokina ya ce in koma Vortex, wani kuma ya ce Mod Organizer 2 ya fi. Wanne zan ɗauka, kuma ta yaya zan gane mod ɗin da ya jawo matsalar? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. A nan kam dole ka koma baya, domin zuba fayiloli da hannu yana sa wani ya danne wani ba tare da an bar wata shaida ba, kuma umarnin Steam na tantance fayilolin wasa yana maido da na asali ne kawai, ba ya kwashe baƙin da ka zuba. Ka cire wasan, ka goge abin da ya rage a foldarsa, ka sake girka shi a wajen Program Files, misali a wata folda da ka buɗe da kanka, saboda Windows yana tsaurara izini a Program Files har ya hana manhajojin mod rubuta abin da suke bukata. Bayan haka ka tashi wasan sau ɗaya ba tare da komai ba, domin ya ƙirƙiri fayilolin saitinsa.

Game da zaɓin, dukansu manhajojin girka mod ne na kyauta kuma dukansu suna aiki, har ma mutum ɗaya ne ya faro su, wanda aka sani da laƙabin Tannin: shi ya rubuta Mod Organizer na farko, daga baya shafin Nexus Mods ya ɗauke shi aiki a 2016 ya jagoranci gina Vortex. Bambancinsu yana cikin yadda suke kai fayiloli ga wasan. Vortex yana ajiye mod a foldarsa, sannan ya ɗaura mahaɗai zuwa cikin foldar wasan, shi ya sa dole foldar ajiyarsa ta zauna a faifai ɗaya da wasan, kuma dole a yi Deploy, wato ɗaura mahaɗan, bayan kowane canji. Mod Organizer 2 kuwa ba ya taɓa foldar wasan ko kaɗan. Yana nuna wa wasan wata folda ta wucin gadi a lokacin da yake gudana kawai, don haka dole ka tashi SKSE da duk sauran kayan aiki daga cikinsa, in ba haka ba ba za su ga mod ko ɗaya ba. A ra'ayina, ga Skyrim, Mod Organizer 2 ya fi dacewa da mutumin da yake son ya ga da idonsa wane fayil ne ya rinjayi wane, ko da yake ranar farko tana da wuya. Wanda yake son ya sa mod ashirin ya ci gaba da wasansa, Vortex ya ishe shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne haɗa su biyu a kan wasa ɗaya.

Rufewar da wasan yake yi tun a tambarin farko, mafi yawan lokuta alama ce ta cewa wani mod yana neman wani fayil da ya dogara da shi, bai same shi ba. Wannan yana faruwa ne in mutum ya tsallake sashen Requirements a shafin mod ɗin, ko ya sa facin da aka yi domin daidaita mod biyu alhali ɗaya kawai yake da shi. Manhajojin nan biyu suna nuna alamar gargaɗi a kan irin wannan, haka ma LOOT, manhajar da take tsara jerin lodi, wato wanda za a fara karantawa da wanda zai biyo baya. Jerin yana da muhimmanci domin in mod biyu suka taɓa abu ɗaya, na ƙarshe ne yake yin nasara. Ka karanta saƙonnin da LOOT yake rubutawa a ƙarƙashin kowane mod, domin a nan ne amfaninsa ya fi yawa. Ka kuma tabbata ba ka sauke mod na tsohon Skyrim na 2011 ba, tunda Special Edition na 2016 an sake gina shi ne, kuma wasu fayilolin tsohon suna kashe sabon.

In ka duba duk wannan ba ka gano ba, sai ka bi hanyar rabawa biyu. Ka kashe rabin mod ɗin, ka gwada. In wasan ya tashi, mai laifin yana cikin waɗanda ka kashe, in bai tashi ba yana cikin waɗanda ka bari. Ka sake raba rukunin da ake zargi biyu, ka maimaita. Mod sittin ba za su ɗauke ka fiye da gwaji shida ba, muddin mai laifin ɗaya ne, kuma muddin kana kashe kowane mod tare da waɗanda suka dogara da shi. Amma ka yi wannan gwaji da sabon wasa, kada ka yi shi da ajiyar da ka yi nisa a cikinta. Skyrim yana rubuta bayanan umarnin mod a cikin fayil ɗin ajiya, don haka cire mod mai umarni a tsakiyar tafiya yana barin ragowa da za ta iya fitowa bayan sa'o'i da yawa. Akwai manhaja mai suna ReSaver da take share wasu daga cikin ragowar, sai dai ba ta ba da tabbacin cewa ajiyar za ta koma yadda take.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne yankewar wuta ko ta intanet a tsakiyar saukewa. Ƙunshin da bai kammala sauka ba yana iya kama da lafiyayye a ido. Kafin ka zargi mod, ka sa 7-Zip ya gwada ƙunshin, ka kuma kwatanta girmansa da wanda aka rubuta a shafin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da tsohuwar laftof mai RAM gigabait 4, ina buga GTA San Andreas. Na canza motoci da yawa da sababbi masu kyau, yanzu in ina tuƙi sai titi da gidaje su ɓace, wani lokaci wasan ya tsaya cak. CLEO ma ya ƙi aiki. Daga wani mai gyaran waya a Kano.

Amsa: Allah ya taimake ka, Malam. Matsala biyu ce a nan, kuma ba su da alaƙa da juna. CLEO, manhajar da take gudanar da mod masu umarni, da mafi yawan kayan aikin wannan wasa an gina su ne a kan siga ta 1.0, wadda ta fito a kwamfuta a 2005. Sigogin da suka biyo baya sun canza gta_sa.exe, don haka mai irin su sai ya mayar da wasansa zuwa 1.0 da manhajar da aka yi domin haka. Shi kuwa Definitive Edition na 2021 wani gini ne daban a kan injin Unreal, kuma tsofaffin mod ba sa shigarsa. Bayan wannan, CLEO yana bukatar ƙaramar manhajar da take loda fayilolin asi, kuma fayilolinsa masu ƙarewa da cs suna zama ne a foldar cleo.

Ɓacewar titi kuwa ƙarancin wuri ne. Wasan yana ware ƙaramin kaso na ƙwaƙwalwa domin lodo abin da ke kewaye da kai yayin da kake tafiya, an kuma auna kason ne da motocin 2005 marasa nauyi. In mota ɗaya sabuwa ta fi ta asali nauyi ninki da yawa, kuma irinta goma suna kan titi a lokaci guda, sai wasan ya rasa inda zai sa titin kansa. Akwai gyaran da yake faɗaɗa wannan kaso, kuma yana taimakawa, amma a laftof mai gigabait 4 wadda katin hotonta yake cin rabonsa daga RAM ɗin, maganin gaskiya shi ne rage yawan motocin da zaɓen marasa nauyi. Ka maido da gta3.img na asali, wato fayil ɗin da motocin wasan suke ciki, ka girka Mod Loader, wanda yake ba ka damar ajiye kowace mota a foldarta ba tare da ka taɓa fayilolin wasan ba, ka kuma sa SilentPatch domin gyaran kurakuran da wasan yake yi a kan sababbin Windows. In wasan ya ƙi tashi bayan canjin saiti, goge gta_sa.set da ke foldar wasan a Documents yakan warware shi.

Tambaya: Malam, duk lokacin da na sauke Script Hook V domin GTA V, manhajar tsaron kwamfutata takan goge wani fayil daga ciki. A wani bidiyo an ce in kashe tsaron gaba ɗaya. Hakan daidai ne? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ban yarda ka kashe tsaron ba. Gaskiya ne cewa kayan aiki irin su SKSE da Script Hook V, wanda yake ba mod masu umarni damar aiki a GTA V, suna cusa kansu cikin wata manhaja mai gudana, wanda kuma shi ne irin halin da manhajojin ɓarna suke nunawa, don haka mai tsaro yakan yi musu zargin da ba su cancanta ba. Amma ba kowane zargi ne na ƙarya ba. A 2015 an gano cewa wasu mod biyu na GTA V, Angry Planes da Noclip, suna ɗauke da manhajar da take naɗar abin da mutum yake bugawa a madannai, har da kalmomin sirri. A 2023 kuma an samu wata ɓarna da aka sa wa suna Fractureiser a cikin mod na Minecraft da aka ɗora a shafukan da mutane suka amince da su. Mai amfani da kwamfuta ɗaya wajen wasa da shiga asusun banki bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba.

Abin da za ka yi shi ne ka sauke Script Hook V daga shafin mai shi, Alexander Blade, ba daga mahaɗin da aka liƙa a ƙarƙashin bidiyo ba. Ka ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal mai bincikar fayiloli ka ga hukuncin masu tsaro da yawa a kansa. In ka gamsu, ka keɓe foldar wasan kaɗai daga bincike, sauran kwamfutar ta ci gaba da zama a tsare. Duk mod ɗin mota ko na tufafi da ya zo a matsayin fayil ɗin exe, ko ya nemi ka cika wani fom kafin ya sauka, ka bar shi. Ka kuma sani cewa Script Hook V shi ma yana daina aiki bayan kowace sabuntawar wasan har sai mai shi ya fitar da sabo, kuma an yi shi ne domin sashen labari kawai. Kafin ka shiga GTA Online, sashen da ake bugawa da wasu a intanet, ka cire dinput8.dll da yake zuwa tare da Script Hook V da sauran abin da ka ƙara, domin kamfanin Rockstar yana rufe asusun waɗanda ya kama da fayilolin da aka canza a can.

Wasu sun tambaya ko waɗannan kayan aiki suna tafiya da kwafin wasan da ake tura wa mutane a kasuwa. Irin wannan kwafi an riga an taɓa fayil ɗin da yake tashin wasan, sau da yawa ba a san ainihin lambar sigarsa ba, kuma masu kayan aikin ba sa amsa ƙorafi a kansa. Shawarata ita ce a jira lokacin rangwame a Steam ko GOG, inda farashin tsofaffin wasanni yake faɗuwa sosai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga The Sims 4, kuma bayan sabuntawa duk tufafi da gashin da na ƙara sun ɓace, mod ɗin da ke ƙara umarni ma ya daina fitowa. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kayanki suna nan. The Sims 4 yakan kashe mod da kansa bayan sabuntawa, don haka ki shiga Game Options, ki zaɓi Other, ki kunna izinin kayan ƙari da kuma izinin mod masu umarni, domin akwati biyu ne daban, sannan ki rufe wasan ki sake buɗe shi. In tufafin sun dawo amma mai umarnin bai dawo ba, ki duba inda kika ajiye shi a foldar Mods da ke cikin Documents, ƙarƙashin Electronic Arts. Fayil mai ƙarewa da ts4script ba ya aiki in ya wuce folda ɗaya a zurfi, alhali masu ƙarewa da package suna jure zurfin da ya fi haka. Ki goge localthumbcache.package duk lokacin da kika ƙara ko kika cire wani abu, wasan zai ƙirƙiri sabo da kansa. Tufafi da gashi ba su cika lalacewa da sabuntawa ba, amma mod masu umarni da masu canza fuskar allon wasan sukan lalace, saboda haka ki kwafi foldar saves zuwa wani wuri, ki fitar da irin waɗannan mod daga foldar Mods, ki mayar da kowanne bayan mai shi ya sanar a shafinsa cewa ya dace da sabuwar sigar.